Karaban Ɗin Baba da Shagon Umma

A tsakar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, jikin katangar gabas, ƙarƙashin darbejiya, akwai wani ɗaki mai taya biyu. Baba yana ce masa karaban, yadda suke kiransa a kamfanin titin da ya yi wa aiki. 'Yan unguwa suna cewa ɗaki-mai-taya. Umma kuwa tun da na buɗe ido ban taɓa jin ta kira shi da wani suna ba sai gwangwanin nan. "Ke, ɗauko min albasa a gwangwanin nan." "Wa ya bar ƙofar gwangwanin nan a buɗe kaji suka shiga?"

Baba awon hanya ya yi har ya tsufa. A daji suke kwana su tashi, suna kafa turaku inda kwalta za ta bi. Da ya ajiye aiki, kamfani ya yi gwanjon tsofaffin kaya. Abokansa suka kwashi firji da janareta, shi kuma ya jawo ɗakin da ya yi shekaru yana kwana a ciki ya kawo mana gida. Ciki akwai gado, da benci mai zama gado idan an buɗe shi, da wajen ɗora risho, da tankin ruwa, da taga babba guda ɗaya daidai kan gadon.

Umma tana da dalilinta na tsanarsa. A ciki ta yi amarci, lokacin ana aikin wata hanya can nesa da gari. Ko yaushe aka tayar da zancen sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Ni za a ba labarin gwangwanin nan? Da rana ka dahu, da asuba haƙoranka su haɗu. Idan Malam ya juya a gado, tukunyata ta motsa a kan risho." Baba sai ya yi dariya ya ce ai ba ta taɓa yin kyau irin na lokacin ba. Ta ce, "Kyan wahala."

Duk kaka, idan damina ta ɗauke, ruwan madatsar Tiga ya cika, Baba yakan ɗaura karaban a bayan mota mu tafi gonarsa da ke bakin ruwan mu yi kwanaki. Ni da yayana da shi. Umma ba ta zuwa. Za ta yi mana dambun nama da yaji da cincin, ta raka mu bakin ƙofa, ta ce a gaishe da sauro.

Amma kafin tafiya akwai gyara, kuma wallahi ni gyaran ya fi min tafiyar daɗi. Yayana ba shi da haƙuri, da an miƙa masa sifana zai tuna ana jiransa a filin ƙwallo. Saboda haka ni Baba ya koya wa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake ce min. "Uwata, taho ki ga." Za mu ɗaga gefe ɗaya da jak, mu cire taya, mu zaro boris, ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa, mu wanke da kananzir a tsohon kwanon sha, mu shanya a kan jarida. Sannan ka ɗibi giris a tafin hannu ka riƙa danna boris ɗin a ciki har sai ya ɓullo ta ɗaya gefen. Baba ya ce wanda ya shafa giris a sama kawai kansa ya yaudara, a hanya zai ji ƙauri. Na yi ta zuwa Islamiyya da baƙin farce, malama tana tambayata ko gawayi muke sayarwa.

Mutum na uku a wannan aiki shi ne maƙwabcinmu, Baban Gareji. Mutumin kudu ne, Kirista, makaniken kamfanin su Baba ne a da. Tare suka bar aiki, ya sayi gidan da ke manne da namu, ya buɗe gareji a Tarauni. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Kano, sai dai har yau mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Shi ke duba birki da ƙugiyar da ake ɗaurawa a mota. Shi da Baba ba su taɓa ɗaure noti ɗaya ba tare da gardama ba.

To, rayuwa ta yi tafiyarta. Na yi aure a Unguwa Uku, yayana ya tafi aiki, gwiwar Baba ta fara damunsa, aka sayar da motar da ke jan karaban. Bana ba za a je ba, baɗi ba za a je ba, har aka daina faɗa. Tayoyi suka sace, aka tokare shi da bulo. Umma ta mayar da shi rumbu: buhun gero, albasa, tukwanen biki, tsohon keken ɗinki. A idonmu duka ya zama ɗaki kamar sauran ɗakunan gidan, mun manta abu ne mai tafiya.

A cikin shekarun nan ne Umma ta gina shagonta. Kowa a layinmu ya fitar da shago a gaban gidansa, ita ma ta daɗe tana so. Tun muna yara take daka yaji da kuka da daddawa tana sayarwa daga cikin gida, da guminta ta sayi bulo ɗaya bayan ɗaya. Aka ci wani ɓangare na faɗin ƙofar gida aka tayar da bango. Baba da kansa ya auna, ya ce ƙaramar motar yayana za ta wuce har da sarari. Ranar da aka buɗe shagon Umma ta yi waina ta raba wa layi. Ta sa kantoci a jikin bangon da ke kallon ƙofa, ta jera robobin yaji kamar 'yan makaranta a fareti, ta sa firiza ta zoɓo da kunun aya. Ban taɓa ganin ta tana alfahari da wani abu irin shagon nan ba, ko da mu 'ya'yanta.

Sai idon Baba ya fara. Da farko karo yake yi da gefen ƙofa, ya zubar da kofin da ke kusa da gwiwar hannunsa. Ni na kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, magani zai rage gudun abin ne kawai. Gefe da gefe duk ya rufe, tsakiya ce ta rage, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ita ma tana ƙanƙancewa.

A cikin adaidaita muna dawowa har muka wuce kasuwar Tarauni. Sai ya ce, "Uwata, bana ina so in ga ruwan Tiga da safe."

Na ce, "Baba, ai abu mai sauƙi ne. Yaya ya ɗauke mu a mota mu je mu dawo."

Ya ce, "A'a. Ta tagar nan nake so in gan shi, ina farkawa. Kafin rana ta hau. Shi nake so in ajiye a kaina."

Da na isa gida na gaya wa maigidana cewa zai riƙa ganina da baƙin farce na ɗan lokaci, ya yi haƙuri.

Kai, karaban ya ga duniya! Da muka fitar da kayan Umma, tana tsaye tana mita a kan kowace tukunya, sai ga abin da ke ƙasa. Ɓeraye sun cinye wayar fitilun baya. Zanzaro ya yi gidaje a cikin bututun tanki. Gara ta ci katakon ƙasa ta wajen ƙofa, na taka ƙafata ta zurma har idon sawu. Rufin ya tsage ta kusurwa, ruwan damina ya yi ta bi ta jikin bango yana zana taswira. Katifar kuwa ba a magana, a bola ta kwana.

Baban Gareji ya zo ya zagaya shi yana riƙe da ƙugu. Ya ce da Baba, "Oga, wannan gawa ce."

Baba ya ce, "Kai ma haka aka ce da kai lokacin da ka kwanta asibiti, ga ka nan kana cika mana kunne."

Haka muka fara. Kullum da na sallami yara makaranta sai in hau adaidaita zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, in ɗaura tsohon zane in sa tsohuwar rigar Baba. Baba yana zaune a kujera, ba ya ganin ƙananan abubuwa, amma hannunsa yana gani. Na wanke boris na miƙa masa, ya juya shi kusa da kunnensa ya ce, "Wannan akwai yashi, sake wankewa." Na sake. Ya ce, "Yawwa." Na danna giris ya shafa da ɗan yatsa ya ji ya ɓullo. Baban Gareji ya samo tayoyi na hannu masu sauran ƙarfi, ya kwance birki ya goge tsatsa, ya kawo mai walda ya ƙara wa ƙugiya ƙarfe. Kafinta ya sauya katako. Ni na hau tsani na kankare rufin na liƙe tsagar da kwalta, na zuba ruwa bokiti bayan bokiti, Baba yana ciki yana lalube da tafin hannu ko zai ji ɗigo. Muka wanke tanki da ruwan zafi har warin ya fita. Muka sauya ragar sauro. Babbar tagar nan kuwa Baba bai bar kowa ya taɓa ba, shi ya goge ta da jarida da ruwan omo, ciki da waje, har tana ƙara.

Ranar da muka haɗa wayar fitilu, Baban Gareji yana taɓa batir ni ina baya ina ihu. "Ta hagu ta kama! A'a, ta dama ce!" Ya haɗa su a juye. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce shekara da shekaru yana faɗa mutumin nan bai san hagu da dama ba. Na daɗe ban ga Baba cikin nishaɗi irin na kwanakin nan ba. Har abinci ya ƙara ci. Umma takan leƙo daga ƙofar bayan shago ta ce, "An dai ji jiki. Tsofaffi biyu da uwar 'ya'ya sun taru a kan gwangwani." Amma kullum sai ta aiko mana da kunun aya mai sanyi, kuma na lura ta ɗinka sabbin labulen taga ta ajiye a kan gadon ba ta ce wa kowa komai ba.

Ana gobe tafiya yayana ya zo da a-kori-kurar abokinsa da ya aro. Muka ce bari a fito da karaban waje a ɗaura, a ɗan zaga layi a ji birki. Aka cire bulo, aka tura. Ya motsa! Yaran layi suka cika ƙofa suna tafi. Aka juya shi ya fuskanci ƙofar gida, aka tura, aka tura, sai Baban Gareji da ke gaba ya ɗaga hannu ya ce, "Ku tsaya."

Ƙofar ta yi masa kaɗan.

Muka tsaya muna kallon juna. Tun da aka gina shagon Umma ba wanda ya taɓa tunanin abin da ke cikin gida zai buƙaci fita. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna hanya daga gari zuwa gari ya auna ƙofarsa da ƙaramar mota, ya manta da karaban ɗinsa da ke bayansa. Mu ma da muka yi makonni muna shiga da fita ta ƙofar nan da tayoyi da katako, ko sau ɗaya.

Aka cire ƙyauren ƙarfe biyu. Bai isa ba. Aka kwance mariƙin ƙofar karaban da ƙarfen rumfa na gefe. Aka gwada ta karkace. Yayana ya kawo igiya ya auna, ya sake aunawa, kamar igiyar za ta ji tausayinmu. Abin da ya rage bai fi taƙi ɗaya ba, amma taƙin nan bulo ne da siminti. Ta dama bangon Baban Gareji ne, ta hagu bangon shagon Umma.

Baban Gareji ya ce, "Oga, a fasa nawa. Gobe in gyara."

Baba ya ce, "Tankin ruwan gidanka a kansa yake zaune. So kake ya faɗo wa iyalinka? Ban yarda ba."

Daga nan ba wanda ya kalli hagu. Wato kowa ya kalla, amma da gefen ido. Umma tana tsaye a ƙofar shago da ludayin awo a hannu, fuskarta ba ta nuna komai ba.

Ni kuwa raina ya ɓaci, kuma idan raina ya ɓaci ba na iya riƙe baki, gadon Umma ne. Na balbale yayana da faɗa, na ce shi da motarsa kamar kwalin ashana aka auna ƙofa da ita. Na kori yaran layi. Na ce a nemo motar ɗaga kaya a tsallake da shi ta sama, Baban Gareji ya nuna min wayoyin lantarki da suka yi saƙa a saman layin. Yayana ya ce to a nemi tanti, ko a kama ɗaki a can kusa. Baba ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Ku mayar da shi inda yake. Allah bai yi ba."

Muryarsa lafiya lau. Wannan ne ya fi ƙona min rai. Aka mayar da karaban ƙarƙashin darbejiya. Baba ya lallaba ya shiga, ya zauna a bakin gado yana fuskantar tagar da ya goge, wadda ba abin da take nunawa sai katanga. Na tafi gida ina kuka a cikin adaidaita, direba yana ta ba ni haƙuri bai san a kan me ba.

Washegari da sassafe wayata ta yi ƙara. Umma ce. Ko gaisuwa ba ta tsaya amsawa ba. "Ke, kina nan kina barci? Taho ki taya ni kwashe kaya."

Na iske robobin yaji da kuka jere a kan tabarma a tsakar gida. An ja firiza gefe. Kantocin bangon nan duk an cire, sai ramukan ƙusa. Maginin da ya gina shagon yana tsaye da guduma yana sosa ƙeya.

Ya ce, "Hajiya, ki sake tunani. Kusurwa ce fa. Sai an tokare rufi, kuma shagon zai ragu."

Ta ce, "Na ce ka sake min tunani ne ko na ce ka fasa?"

Baba ya fito yana lalube da sanda. "Hajiya, mene ne haka? Ban yarda ba. Guminki ne."

Ta ce, "Malam, da ka ga ina gina shi ka ba ni bulo? To ba ruwanka da rushe shi. Koma ka zauna kar ƙura ta shiga idon."

Magini ya ci gaba da jan ƙafa, yana kallon Baba yana kallon ta. Umma ta ce, "Ba ni nan." Ta karɓi gudumar da hannu biyu, ta ce bismillah, ta maka wa kusurwar. Ɗan siminti ne kawai ya ɓantare, don gudumar ta fi ƙarfinta. Amma ya isa. Ta miƙa masa ta ce, "Ga shi na fara maka." Ta juya ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da ƙarar ta tsaya. Na bi ta na same ta tana ninke zannuwa a jaka, idonta ja. Na buɗe baki ta ce, "Idan kika ce min sannu sai na mare ki."

Na ce, "Jakar ta mece ce?"

Ta ce, "Wa zai ɗiga masa magani a ido? Ke da ko lokacin sallah sai an tuna miki?"

Kafin azahar karaban ya fita, ya wuce ta gefen ɓaraguzai ko gogar bango bai yi ba. Matar Baban Gareji ta ce za ta kula da kayan shago. Muka ɗauki hanyar Zariya a hankali, yayana yana tuƙi, Baban Gareji yana ce masa ya rage gudu. Mun tsaya a hanya na sauka na dafa tsakiyar tayoyin kamar yadda aka koya min. Ɗumi kawai, ba zafi. Na gaya wa Baba, ya ce, "Aikin Uwata ke nan."

Baba da Umma suka kwana a karaban, mu muka shimfiɗa tabarmi da gidan sauro a waje. Da gari ya fara wayewa, bayan sallah, na ɗora ruwan shayi na kai musu. Ƙofar a buɗe take. Baba yana zaune a kan gado, goshinsa kusan manne da taga. Ruwan ya cika har gindin itatuwa, fari tas, da jirgin masunci guda ɗaya can tsakiya. Yana juya kansa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, don sai haka yake iya haɗa shi duka. Umma tana gefensa da kwalbar magani a hannu, tana mitar sauro da ciwon baya, tana cewa gwangwanin nan bai sauya hali ba.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Hajiya, kina ina?"

"Ga ni a gefenka, ina zan je?"

"Ta gefe ba na ganin ki. Dawo nan gabana, jikin tagar."

Ta ce, "In tare maka ruwan da aka rushe min shago dominsa?"

Ya ce, "Na ga ruwan. Dawo."

Ta tashi ta koma gabansa, tana gyara ɗankwali. Na ajiye butar shayin a bakin ƙofa na koma wajen wuta.

Da muka dawo Kano magini ya zo da bulo zai mayar da kusurwar yadda take. Umma ta sa shi ya ja bangon ciki, ya bar ƙofar da faɗinta. Shagon ya tsuke, firiza ta koma tsakar gida, robobin yaji suka hau kan juna. Ya ce, "Hajiya, ai an riga an je an dawo." Ta ce, "Baɗi fa?"

Baɗin ya zo idon Baba ya rufe gaba ɗaya. Duk da haka da damina ta ɗauke na ɗaura tsohon zane, na wanke boris na miƙa masa ya juya kusa da kunnensa. Ya goge tagarsa da jarida. Muka fita ta ƙofar nan muka tafi. Da safe Umma ta zauna jikin tagar tana gaya masa inda ruwa ya kai bana da jirage nawa ne a kai, yana ce mata ƙarya take yi, ba ta iya ƙirga ba.